Bin Sawun Duwatsun Ƙanƙara Daga Sararin Samaniya: Tambayoyi da Amsoshi

A tekunan da ke kewaye da nahiyar Antatika, da kuma ruwan da ke tsakanin Girinlan da gabashin Kanada, akwai manya-manyan ɓantarorin ƙanƙara da ke yawo a kan ruwa, wasunsu sun fi wasu ƙasashe faɗi. Kusan duk abin da aka sani a yau game da inda suke da inda suka nufa daga taurarin ɗan'adam yake fitowa.

Mene ne dutsen ƙanƙara, kuma me ya bambanta shi da ƙanƙarar da ke rufe teku?

Asalinsu ne ya bambanta. Ƙanƙarar teku ruwan gishiri ne da ya daskare a lokacin sanyi, kaurinta ba ya wuce mita ɗaya zuwa 'yan mitoci, kuma mafi yawanta takan narke idan yanayi ya yi ɗumi. Shi kuwa dutsen ƙanƙara a kan tudu aka haife shi. Dusar ƙanƙara ce ta yi ta zuba shekara bayan shekara har tsawon dubban shekaru, nauyin ta sama ya danne ta ƙasa ta zama ƙanƙara mai tauri, sannan ta riƙa gangarowa a hankali zuwa gaɓar teku. A Antatika, idan ta isa gaɓa ba ta tsayawa, sai ta ci gaba da miƙewa a kan ruwa ta zama wani shimfiɗaɗɗen dandamali mai kaurin ɗaruruwan mitoci, kamar dandamalin Ross da na Filchner da Ronne. Daga bakin irin waɗannan dandamali ne ake samun ɓallewar duwatsu masu shafaffen kai kamar tebur. Ruwan da ke cikinsu ruwan daɗi ne, ba gishiri.

Duk wanda ya taɓa jefa ƙanƙara a kofin ruwa ya san cewa kaɗan ce take leƙowa sama. Haka abin yake a teku. Nauyin tsantsar ƙanƙara mai tsawo da faɗi da tsayi mita ɗaya-ɗaya kilo 917 ne, na ruwan teku kuwa kimanin kilo 1,025, saboda haka kusan kashi tara cikin goma na jikin dutsen yana ƙarƙashin ruwa.

Me ya sa aka ɗora wannan aiki a kan tauraron ɗan'adam, ba jiragen ruwa ko na sama ba?

Saboda faɗin wurin da rashin mutane. Tekun Kudu ya kewaye Antatika gaba ɗaya, babu birane a gaɓarsa, jiragen da ke ratsa shi kaɗan ne, kuma a lokacin sanyi kusan babu mai shiga. Jirgin sama yana iya leƙa yanki guda na 'yan sa'o'i ya koma, amma dutsen da zai yi shekara talatin yana rayuwa yana buƙatar idon da ba ya gajiya.

Akwai kuma sa'a guda da yanayin kewayar taurarin ya kawo. Taurarin da ke nazarin doron ƙasa suna bi ne ta kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, a nisan kimanin kilomita 700 zuwa 800 daga ƙasa, suna kammala zagaye ɗaya cikin kusan minti 100, wato sau goma sha huɗu ko sha biyar a kwana. Layukan da suke bi suna warwatse a tsakiyar duniya, amma suna matsowa kusa da juna a ƙuryoyin biyu, don haka wuri guda a gaɓar Antatika yakan samu ziyara fiye da wuri guda a ƙasashe masu zafi. Taurarin hasashen yanayi da ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya ba su da amfani sosai a nan, domin a karkace suke hango ƙuryoyin.

Wace na'ura ce ginshiƙin aikin?

Rada ce. Dalili kuwa shi ne abubuwa biyu da ke makantar da kyamara a waɗannan wurare: gajimare da ke lulluɓe Tekun Kudu a mafi yawan kwanakin shekara, da dogon daren sanyi wanda a can ƙurya rana kan yi watanni ba ta fito ba. Rada ba ta jiran hasken rana. Ita ce ke aika nata gajerun igiyoyin rediyo zuwa ƙasa, su ratsa gajimare, su bugi abin da suka tarar, sannan ta saurari abin da ya dawo, kamar yadda mai kira a bakin rijiya yake jin amsar muryarsa. Ruwa mai kwanciya yana karkatar da igiyoyin su tafi wani gefe, sai ya fito baƙi a hoto. Busasshiyar ƙanƙara mai ƙunshe da ƙananan kumfar iska da dusa tana maido da su da ƙarfi, sai ta fito fara fat. Da haka dutsen yake bayyana kamar farin tabo a kan baƙin zane.

Dabarar da ta sa hoton yake fitowa dalla-dalla tana da ban sha'awa. A ƙa'ida, kafin rada ta bambance ƙananan abubuwa daga nisan kilomita 700, sai eriyarta ta kai tsawon kilomitoci, abin da ba zai yiwu a harba sama ba. Eriyar tauraron Sentinel-1 na Turai tsawonta kimanin mita 12 ne kawai. Abin da ake yi shi ne, yayin da tauraron yake gudu, yana harba igiyoyi fiye da dubu a kowace daƙiƙa, ana adana amsar kowacce, sannan kwamfuta ta haɗa su kamar a ce wata doguwar eriya guda ce ta karɓe su. Sentinel-1 yana amfani da igiya mai tsawon kimanin santimita 5.6, kuma a tsarin da ya fi yin aiki da shi a tekunan ƙanƙara yana ɗaukar zirin da faɗinsa ya kai kilomita 400 a wucewa ɗaya.

An harba Sentinel-1A a watan Afrilun 2014, aka bi shi da Sentinel-1B a 2016. Na biyun ya samu matsalar lantarki ya daina aiki a Disambar 2021, kuma nan take tazarar da ke tsakanin hotuna ta ƙaru a wurare da yawa, har sai da aka harba Sentinel-1C a Disambar 2024. Wannan giɓi na shekara uku ya nuna yadda aikin ya rataya a kan 'yan na'urori ƙalilan. Kanada ma tana da dogon tarihi a fannin, daga RADARSAT-1 na 1995 zuwa RADARSAT-2 na 2007, da kuma taurari uku da ta harba tare a 2019.

Idan rada tana gani dare da rana, mene ne sauran amfanin kyamara?

Rada ma tana da nata makanta. A lokacin ɗumi, idan saman dutsen ya fara narkewa ya jiƙe, sai ya daina maido da igiyoyin da ƙarfi, ya yi duhu har ya yi kama da ruwan da ke kewaye da shi. Idan kuma iska ta tayar da teku, raƙuman ruwa suna haskawa a hoton, bambancin ya ragu. A irin wannan lokaci hoton kyamara ne ke raba gardama. Na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua na hukumar NASA tana ɗaukar zirin da ya kai kilomita 2,330, tana ganin kusan duk duniya a kwana ɗaya ko biyu, ko da yake ƙaramin abin da take iya bambancewa mita 250 ne. Landsat 8 da 9 da Sentinel-2 suna gani dalla-dalla, daga mita 30 zuwa mita 10, har ana iya ƙirga tsage-tsage da shuɗayen tafkunan narkakken ruwa a saman dutse.

Haihuwar dutsen da aka raɗa wa suna A68 misali ce mai kyau na yadda na'urorin ke cika wa juna. Masana daga Jami'ar Swansea ta Birtaniya sun daɗe suna bin wata tsaga da ke ratsa dandamalin Larsen C da hotunan Sentinel-1. Tsagar ta kai ƙarshe a watan Yulin 2017, a tsakiyar daren sanyi na Antatika, lokacin da babu hasken da kyamara za ta yi aiki da shi. Abin da ya fara tabbatar da ɓallewar, ranar 12 ga watan, shi ne sashen auna zafi na MODIS: ruwan tekun da ya buɗe a cikin tsagar ya fi ƙanƙarar da ke gefensa ɗumi, sai ya fito kamar siririn layi mai kewaye da sabon dutse mai faɗin murabba'in kilomita kusan 5,800. Daga baya rada ta zo ta zana iyakokinsa.

Hoto faɗi kawai yake nunawa. Ta yaya ake sanin kauri da nauyi?

Da ma'aunin tsayi. Wannan na'ura ce da ke harba igiya kai tsaye zuwa ƙasa, ta auna lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. CryoSat-2 na Turai, wanda aka harba a Afrilun 2010, da rada yake yin haka. ICESat-2 na NASA, wanda aka harba a Satumbar 2018, da koren hasken leza yake yi, yana harbawa sau 10,000 a daƙiƙa. Idan tauraron ya ratsa ta kan dutse, sai a ga tsayin ya yi tsalle daga matakin ruwa zuwa, misali, mita 35, sannan ya sake faɗowa. Da an san tsayin abin da ke sama, lissafin nauyin ƙanƙara da na ruwa zai ba da abin da ke ƙasa, muddin an yi la'akari da dusar da ke kwance a kai, wadda ba ta kai tsantsar ƙanƙara nauyi ba.

Amfanin wannan ya wuce sanin adadi. Zurfin gindin dutse shi ne ke nuna ko zai wuce ta kan wani tudu na ƙarƙashin teku ko zai kafe a kansa. Maimaita awon kuma yana nuna saurin narkewa. Ta wannan hanya masana a Jami'ar Leeds suka haɗa bayanan taurari biyar suka ƙiyasta cewa A68A, babban ɓangaren A68, ya zubar da ruwan daɗi tan biliyan 152 cikin kimanin wata uku da ya yi a kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu, a ƙarshen 2020 da farkon 2021.

Wa ke raɗa musu sunaye irin su A23a da B-15?

Cibiyar Ƙanƙara ta Ƙasa ta Amurka, da ke Suitland a jihar Maryland, wadda rundunar sojan ruwa da hukumar teku da yanayi da kuma dakarun tsaron gaɓa suke gudanarwa tare. Ba kowane dutse ne ke samun suna ba, sai wanda tsawonsa ya kai mil 10 na teku, wato kimanin kilomita 18.5, ko faɗinsa ya kai murabba'in mil 20 na teku. An raba Antatika gida huɗu. Harafin A na yankin tekunan Bellingshausen da Weddell ne, B na Amundsen da gabashin Ross, C na yammacin Ross da gaɓar Wilkes, D kuma na Amery da gabashin Weddell. Lambar da ke bin harafin jerin haihuwa ce a wannan yanki, kuma idan dutsen ya rabu, kowane ɓangare yana samun ƙarin harafi. Don haka A23a na nufin babban ɓangaren dutse na ashirin da uku da aka yi wa rajista a yankin A. Sunan yana bin sa duk inda ya je, ko da ya zagaya nahiyar.

Me ya sa aka yi ta maganar A23a?

Domin rayuwarsa ta tattara kusan duk abin da dutsen ƙanƙara zai iya yi, kuma an kalli kowane mataki daga sama. Ya ɓalle daga dandamalin Filchner a 1986, ɗauke da wani sansanin bincike na Tarayyar Sobiyet mai suna Druzhnaya 1, wanda sai da aka tura tawaga ta kwaso kayansa a shekarar da ta biyo baya. Bai yi nisa ba gindinsa ya kafe a ƙasan Tekun Weddell, ya zauna a nan fiye da shekara talatin kamar tsibiri. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 4,000, wato ya fi jihar Legas, kuma nauyinsa ya kusa tan tiriliyan ɗaya.

A 2020 hotunan rada suka nuna ya fara motsi, bayan narkewa ta rage masa kauri har ya saki ƙasa. A ƙarshen 2023 ya wuce bakin tsinin Antatika, wato ɓangaren nahiyar da ya miƙe wajen Amurka ta Kudu, inda jirgin binciken Birtaniya mai suna Sir David Attenborough ya riske shi a watan Disamba, aka ɗebi ruwan da ke kewaye da shi don gwaji. Kowa ya zaci daga nan zai miƙe arewa ya narke. Sai ga shi a 2024 ya tsaya a arewacin tsibiran Orkney ta Kudu yana juyawa a wuri ɗaya, kimanin digiri 15 a kwana. Ba kafewa ya yi ba, domin zurfin ruwan wurin ya fi gindinsa nesa. Wani tudu ne a ƙasan teku, mai suna Pirie, ya sa ruwan da ke gudana ta kansa yake murɗawa kamar guguwa tun daga ƙasa har sama, dutsen kuma ya faɗa cikin murɗin. Babu yadda za a gane wannan juyi in ba ta jera hotunan kwanaki a bi kusurwoyinsa ba. Ya kuɓuta a Disambar 2024, ya kafe a watan Maris na 2025 a ruwa marar zurfi kimanin kilomita 70 daga Jojiya ta Kudu, bayan 'yan watanni ya sake tashi, sannan ya fara farfashewa da sauri, har kafin ƙarshen shekarar ya rasa matsayinsa na mafi girma a duniya.

Suna da hanyar da suke bi, ko yawo suke yi barkatai?

Suna da hanya, kuma tarin bayanan shekaru ne ya fito da ita. A kusa da gaɓar Antatika ruwa yana gudana zuwa yamma, saboda haka sabon dutse yakan bi gaɓa a hankali, yana kafewa yana tashi. Da yawa suna ƙarewa a Tekun Weddell, inda ruwa ke kewayawa ya tura su arewa ta gefen gabas na tsinin nahiyar. Daga nan sai su faɗa cikin babban kwararen da ke zagaye Antatika zuwa gabas, wanda shi ne mafi ƙarfi a duk tekunan duniya, ya kai su wajen Jojiya ta Kudu. Masana suna kiran wannan ziri da layin duwatsun ƙanƙara.

Hasashen tafiyar dutse guda kuwa abu ne mai wuya. Babban dutse ya fi bin ruwa fiye da iska, tun da mafi yawan jikinsa a nutse yake, amma juyawar duniya tana karkatar da shi, ƙanƙarar teku tana iya riƙe shi ta tafi da shi, kuma taswirar ƙasan tekun yankin ba ta cika ba. Hasashen 'yan kwanaki yakan yi daidai, na watanni kuwa A23a ya nuna iyakarsa.

Dutse mai irin wannan girma yana iya ɓacewa daga idon masu bibiya?

Ya taɓa faruwa. A 1999 an rasa inda B10A yake na wani lokaci, dutse mai tsawon gomman kilomitoci. A shekarar ce NASA ta harba QuikSCAT, tauraron da aka ƙera don auna iskar saman teku, ba don neman ƙanƙara ba. David Long na Jami'ar Brigham Young, wanda ya ƙirƙiro hanyar ƙara wa hotunan wannan na'ura kaifi, ya hango wani babban farin tabo a kusa da mashigin Drake, tsakanin Antatika da kudancin Amurka ta Kudu, inda jiragen ruwa ke wucewa. Shi ne B10A. Irin wannan rada mai auna iska hotonta ba shi da kyau, ƙaramin abin da take gani kilomitoci ne, amma tana leƙa yankin kowace rana. Daga nan jami'ar ta gina rumbun bayanai na tafiyar manyan duwatsu, wanda ya koma baya har zuwa 1978, kuma a ganina wannan doguwar rajista ta fi kowane kyakkyawan hoto daraja, domin da ita ce kaɗai ake iya cewa wani abu ya sauya ko bai sauya ba.

Yaya aikin yake a arewacin duniya?

Ya girmi zamanin tauraron ɗan'adam, kuma asalinsa musiba ce. Bayan jirgin Titanic ya ci karo da dutsen ƙanƙara ya nutse a Afrilun 1912, mutum fiye da 1,500 suka rasu, ƙasashe masu jiragen ruwa suka kafa Sintirin Ƙanƙara na Ƙasa da Ƙasa, wanda dakarun tsaron gaɓar Amurka suke gudanarwa har yau. Duwatsun wannan yanki mafi yawansu daga kogunan ƙanƙara (ƙanƙarar tudu mai gangarowa zuwa teku) na yammacin Girinlan suke fitowa, irin wanda ke Ilulissat, su bi ruwan Labrador su sauko kudu zuwa gaɓar Newfoundland, daidai kan hanyar jiragen da ke tsakanin Turai da Amurka. Masu sintirin suna ƙirga waɗanda suka ƙetare layin digiri 48 na arewa. Adadin yana hawa da sauka ƙwarai: a 1984 an ƙirga 2,202, a 1966 da 2006 kuwa ko ɗaya bai ƙetare ba.

Duwatsun arewa ba su kai na kudu girma ba, kuma siffarsu ba ta da tsari. Wani lokaci akan samu babba, kamar wanda ya ɓalle daga kogin ƙanƙara na Petermann a Agustan 2010 mai faɗin murabba'in kilomita kusan 250, amma galibi girman gida ne ko na filin ƙwallo. Shi ya sa aka daɗe ana dogaro da jiragen sama, duk da cewa hotunan rada daga sama suna ta karɓar kaso mafi girma na aikin. Matsala ta musamman a nan ita ce, a hoton rada jirgin kamun kifi da dutsen ƙanƙara dukansu farin ɗigo ne. Ana bambance su ta hanyar kwatanta hoton da saƙon da jirage ke watsawa na sanar da inda suke, da kuma duba yadda ƙarfe da ƙanƙara suke murɗa igiyar da ta dawo, domin kowanne da irin tasa.

Manyan ne suka fi haɗari ga jirage?

A'a, kuma a nan ne raunin aikin yake. Dutsen da ke da suna da lamba kowa ya san inda yake, radar jirgi tana ganinsa daga nesa. Masu halaka jirgi su ne gutsattsarin da ke zubowa daga jikinsa. Ƙaramin cikinsu bai kai mita ɗaya a saman ruwa ba, tsawonsa bai kai mita biyar ba, amma nauyinsa tan-tan ne kuma taurinsa kamar kankare. Raƙuman ruwa suna rufe shi suna buɗewa, radar jirgi ba ta cika kama shi ba, tauraron ɗan'adam kuwa ba ya ganinsa. A Janairun 1959 jirgin Denmak mai suna Hans Hedtoft ya nutse a kudancin Girinlan da mutum 95, babu wanda ya tsira. A Nuwambar 2007 jirgin masu yawon buɗe ido mai suna Explorer ya bugi ƙanƙara ya nutse kusa da tsibiran Shetland ta Kudu, aka ceto dukan mutum 154 da ke cikinsa.

Abin da bin sawun manya yake bayarwa shi ne sanin yankin da za a yi tsammanin ƙananan. A gasar tseren jiragen ruwa masu filafilai ta Vendée Globe, wadda ke zagaya duniya daga Faransa, wani kamfani na birnin Toulouse yana haɗa bayanan ma'aunin tsayi da hotunan rada, masu shirya gasar su shata iyakar da ba a yarda ɗan tsere ya ƙetare ta zuwa kudu ba, kuma ana matsar da iyakar idan an ga ƙanƙara ta hauro.

Ban da jirage, wa kuma abin yake shafa?

Halittun yankin. Lokacin da B-15A ya tare bakin mashigin McMurdo a farkon shekarun 2000, ƙanƙarar teku ta kasa fita, tsuntsayen fengwin suka riƙa yin doguwar tafiya kafin su kai ga abinci, 'ya'yansu da yawa suka mutu, kuma jiragen da ke kai kaya sansanin bincike suka sha wahala. Wannan fargaba ce ta sa aka zuba ido lokacin da A68A da A23a suka tunkari Jojiya ta Kudu, inda miliyoyin tsuntsaye da dabbobin ruwa suke haihuwa.

Akwai kuma alheri a tafiyarsu. Ƙanƙarar ta kankaro ƙura da garin dutse daga tudun Antatika, a ciki akwai sinadarin ƙarfe, wanda Tekun Kudu yake da ƙarancinsa. Yayin da dutse yake narkewa yana takin ruwan, ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani su yawaita, kuma taurarin da ke auna launin teku suna nuna koren sawu mai nisan ɗaruruwan kilomitoci a bayan manyan duwatsu.

Ɓallewar waɗannan duwatsu alama ce ta ɗumamar yanayi, kuma tana ƙara tsayin teku?

Wajibi ne a yi taka-tsantsan a nan. Ɓallewa ɗabi'ar dandamalin ƙanƙara ce tun fil azal, kuma Antatika tana zubar da fiye da tan biliyan dubu a shekara ta wannan hanya. A76 na Mayun 2021, mai faɗin murabba'in kilomita 4,320, da A81 da ya fita daga dandamalin Brunt a Janairun 2023, masana sun ɗauke su a matsayin zagayen da aka saba. Ƙanƙarar da ta riga ta hau ruwa kuma narkewarta ba ta ƙara tsayin teku sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin damuwa shi ne aikin da dandamalin yake yi na tokare ƙanƙarar tudu da ke bayansa. A farkon 2002 dandamalin Larsen B, murabba'in kilomita kusan 3,250, ya ruguje cikin 'yan makonni a gaban idon MODIS, bayan tafkunan narkakken ruwa sun cika samansa. Kogunan ƙanƙarar da yake tokarewa suka ninka gudunsu sau da yawa, kuma wannan ƙanƙara ta tudu ce ke ƙara wa teku ruwa, abin da ke isa har gaɓar Legas da yankin Neja Delta.

Ba za a iya janyo su zuwa ƙasashe masu ƙarancin ruwa ba?

An daɗe ana tunanin haka. A 1977 Yarima Muhammad al-Faisal na Saudiyya ya ɗauki nauyin babban taro a kan batun a Jami'ar Jihar Iowa, kuma maganar ta sake tasowa lokacin farin birnin Cape Town a 2018. Har yau ba a kai ko ɗaya ba, saboda tsada da narkewa a hanya. Janyewar da ake yi da gaske ita ce ta gajeren zango a gaɓar Newfoundland, inda jirage ke ɗaura wa matsakaitan duwatsu igiya su karkatar da su daga rijiyoyin mai.

Mutum zai iya kallon waɗannan hotuna da kansa?

Zai iya, kyauta, da waya ko kwamfuta mai intanet. Shafin Worldview na NASA yana nuna hotunan kowace rana, shirin Copernicus na Turai yana sakin hotunan Sentinel ga kowa, cibiyar Amurka kuma tana wallafa jerin duwatsu masu suna tare da inda kowanne yake. Radar Sentinel-1 ɗin nan ita ce kuma ake amfani da ita wajen zana taswirar ambaliya a kogunan Kwara da Binuwai, domin gajimaren damina ma ba ya tare ta.

Yaushe ake daina bin sawun dutse?

Idan ya ragu ƙasa da girman da aka gindaya, ko ya farfashe har ba a iya bambance gutsattsarinsa. Mutuwar takan zo ta hanya uku a haɗe: ruwa mai ɗumi yana cin gindi, raƙuman ruwa suna sassaƙe gefe har baki ya karye, narkakken ruwan sama kuma yana cika tsage-tsage ya buɗa su da nauyinsa. A68A ya ƙare a watan Afrilun 2021, bai cika shekara huɗu ba.

B-15, wanda ya ɓalle daga dandamalin Ross a Maris na 2000 da tsawon kilomita 295 da faɗin 37, shi ne mafi girma da tauraron ɗan'adam ya taɓa aunawa, kuma ƙarshensa ya ɗauki lokaci mai tsawo. Babban ɓangarensa, B-15A, ya bugi harshen ƙanƙara na Drygalski a Afrilun 2005, sannan ya tarwatse a watan Oktoba kusa da tsinin Adare. Na'urar auna girgiza da masana suka dasa a kansa ta nuna cewa a daidai lokacin wasu dogayen raƙuman ruwa sun iso wurin, waɗanda wata guguwa ta tayar a tekun Alaska, nisan kilomita kusan 13,500, kwana shida kafin nan. A 2018 'yan sama jannati a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suka ɗauki hoton wani ɓangaren, B-15Z, a tsage a kusa da Jojiya ta Kudu. Wani kuma, B-15AB, ya kafe a gaɓar yankin Amery, ya ci gaba da zama a cikin jerin cibiyar fiye da shekara ashirin bayan ɓallewar uwarsa.